ZAMAN LAFIYAR DUNIYA DAGA BAKIN ƘOFA YA KE FARAWA

Ran 21 ga watan Satumba na kowace shekara ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin zaman lafiya. Tun cikin 1981 Majalisar ta ƙago wannan rana, sa'an nan cikin 2001 ta tsayar da ita a kan 21 ga Satumba, ta kuma roƙi duk masu yaƙi da juna, ko a ina su ke, su ajiye makamai ko da na yinin nan guda ne. A kan kaɗa ƙararrawa a hedkwatar Majalisar da ke birnin New York, shugabanni su yi jawabai masu daɗin ji, 'yan makaranta su yi maci, gari na wayewa kowa ya koma inda ya tsaya.

Duk wanda ya ke sauraren labarun duniya ya san jawaban nan ba su hana kome ba. Cikin Fabrairu 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren. Cikin Afrilu 2023 sojojin Sudan su ka juya wa juna bakin bindiga, har mutane fiye da miliyan 10 su ka rabu da gidajensu, cikinsu kuwa har da Hausawan da kakanninsu su ka zauna can a kan hanyar Makka. Cikin Oktoba na wannan shekarar ta 2023 wutar Gaza ta kama. Cibiyar nan ta SIPRI da ke birnin Stockholm, wadda ke lissafin kuɗin da a ke kashewa a kan harkar soja, ta ce cikin 2024 kaɗai ƙasashen duniya sun kashe dala biliyan 2,718. Ita kuwa Majalisar, da zarar ta yunƙura za ta tsawata, sai ɗaya daga cikin manyan ƙasashen nan biyar na Kwamitin Sulhu ta hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu.

Ganin haka, ba za a zargi ɗan dako na kasuwar Mile 12 ko mai sayar da goro a Agege ba in ya ce ina ruwansa da zaman lafiyar duniya, wannan ai zancen manya ne masu jiragen yaƙi. Amma fa zancen ya shafe shi fiye da yadda ya ke tsammani. Mutanen da su ka kafa hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar, watau UNESCO, cikin Nuwamba 1945, sun fito ne daga yaƙin da ya ci rayuka fiye da miliyan 50, kuma abin da su ka fara rubutawa cikin tsarin mulkin hukumar shi ne, tun da ya ke a cikin zukatan mutane yaƙi ya ke tsira, to, a can ne ya kamata a gina ganuwar zaman lafiya. Tarihin shekarun da su ka biyo baya ya gaskata su.

A dubi abin da ya faru cikin Oktoba 1962, sa'ad da Amurka da Tarayyar Sobiyat su ka yi cirko-cirko saboda makamai masu linzami da Sobiyat ta girke a tsibirin Kyuba. Ran 27 ga watan, jiragen ruwan yaƙi na Amurka su ka ritsa wani jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyat, su ka dinga jefa masa ƙananan bama-bamai don su tilasta shi ya taso. Amurkawan ba su sani ba, ashe jirgin yana ɗauke da makamin ƙare-dangi. Mutanen ciki sun kwana biyu ba su ji daga Masko ba, ga zafi kamar a tanderu, ga iska ta gurɓace. Bisa ga labarin da waɗanda ke ciki su ka bayar daga baya, kyaftin ɗin jirgin ya fusata, ya ɗauka an riga an fara yaƙi, ya nemi a harba makamin. Wani hafsa mai suna Vasili Arkhipov ya ƙi yarda, ya lallashe shi har ya huce, jirgin ya taso sama ba tare da ya harba kome ba. Duniya ba ta san wannan labari sosai ba sai cikin 2002.

Bayan shekara 21 sai ga irinta kuma. Da tsakar daren 26 ga Satumba 1983, wani Laftanan-Kanar Stanislav Petrov yana bakin aiki a wani ɗakin tsaro kusa da Masko, sai na'ura ta nuna masa Amurka ta harbo makami mai linzami, can kuma ta ce sun kai biyar. A lokacin nan zukata a tafashe su ke, gama mako uku ke nan da Sobiyat ta harbo wani jirgin saman fasinja na Koriya ta Kudu da mutum 269 a ciki. Aikin Petrov shi ne ya sanar da na gaba da shi nan take, su kuwa su na da 'yan mintoci ƙalilan su yanke shawarar ramuwa. Sai mutumin nan ya natsu, ya yi tunani cewa ƙasar da za ta fara irin wannan yaƙi ba za ta fara da makami biyar ba, ɗaruruwa za ta harbo. Ya buga waya ya ce na'ura ce ta yi kuskure. Daga baya a ka gane hasken rana ne ya bugi gizagizai ya ruɗi tauraron ɗan'adam. Bai sami ƙarin girma ba, sai ma faɗa da ya sha wai bai cika takardun aiki daidai ba. Ya rasu cikin 2017.

Waɗannan mutum biyu ba shugabannin ƙasa ba ne, kuma ba wanda ya zaɓe su don su ceci duniya. Ma'aikata ne da rana ta same su a bakin aiki, kowa na gefensu hankalinsa ya tashi, su kuwa nasu ya tsaya. Lalle ne kuma ba a daren su ka koyi natsuwar ba. Hali zanen dutse ne. Mutumin da ya saba zagin matarsa don miya ta yi gishiri, ko ya saba cin kwalar kwandasta saboda canji, ba ranar babban tashin hankali ne zai tashi da sanyin zuciya ba.

To, a dawo gida Nijeriya, inda abin ya fi kusa da mai karatu. Cikin Fabrairu 2021, a kasuwar Shasha da ke Badun, bisa ga yadda jaridu su ka ba da labari, kayan wani ɗan dako ne su ka zube a ƙofar shagon wata mata. Ta ce ya kwashe, magana ta yi zafi, wani mai gyaran takalma ya shiga tsakani, a ka buge shi, washegari ya cika a asibiti. Kafin a ce me, an ƙone shaguna da gidaje, an yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, dubban mutane sun gudu sun bar dukiyarsu. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, ya kafa dokar hana fita, har sai da gwamnonin Kabi, Kano, Neja da Zamfara su ka yi takakkiya zuwa Badun. Bayan 'yan makonni ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa Kudu. Tumatir da albasa da nama su ka yi tsada a Ikko, a Arewa kuwa manomi yana kallon tumatirinsa yana ruɓewa a kwando. Duk wannan daga shara ce da tsintsiya ɗaya da "yi haƙuri" ɗaya za su iya gamawa da ita.

Ba kuwa wannan ne na fari ba. Cikin Yuli 1999 a Shagamu, rigima ta tashi a kan wata mace da a ka ce ta fito da dare lokacin bikin Oro, wanda al'adar Yarabawa ta hana mata gani. An kashe mutane da dama, kuma da gawawwaki da 'yan gudun hijira su ka isa Kano, sai a ka far wa Yarabawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Cikin Maris 2016 gardamar ɗan acaɓa ce ta jawo ƙone-ƙone a Mile 12, har gwamnatin Ikko ta rufe kasuwar kwana da kwanaki. Cikin Mayu 2022 taron matasa su ka kashe wata ɗaliba a Sakkwato ba tare da an kai ta gaban alƙali ba. Cikin Maris 2025 a garin Uromi na Jihar Edo, a ka tare mafarauta da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Salla, a ka ce masu satar mutane ne, a ka hallaka 16 daga cikinsu. Ba wata ƙabila ko addini da zai ce hannunsa a wanke ya ke. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai ɗan lokaci, wataƙila bai fi minti biyar ba, da mutum guda mai hankali zai iya cewa "a tsaya tukuna", amma ko ba a same shi ba, ko kuwa an same shi ba a saurare shi ba.

Abin takaici shi ne, mutanen nan da ke wa juna haka sun daɗe tare. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 a ka kafa ta. Cinikin goro da na shanu da ya haɗa Badun da Shagamu da Ikko da Kano, shekara da shekaru a kan amana ya ke tafiya. Mai shanu ya kan sauka wurin maigidansa a Sabo, dillali ya haɗa shi da mahauci Bayarabe, mahaucin ya ɗauki sa bashi ba takarda ba sa hannu, ya yanka, ya sayar, ya kawo kuɗi. Manomin goro ya kan ba Bahaushe kayansa, ya jira. An yi auratayya, an haifi 'ya'yan da ke jin harsuna biyu tun suna goye. Wannan dukiya ce da kakanni su ka tara da gaisuwa da cika alkawari, kuma ita ce a ke ƙonewa cikin yini guda duk ranar da a ka bar fushi ya yi jagora.

Alheri kuwa, in ya sami mai yin sa, ya kan tsayar da abin da soja bai tsayar ba. Ran 23 ga Yuni 2018, maharan da su ka auka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato sun kori jama'a, yawancinsu Kirista, su ka kwararo ƙauyen Nghar Yalwa. Limamin garin, Malam Abdullahi Abubakar, dattijo mai shekara fiye da 80, ya buɗe masallaci da gidansa ya ɓoye mutum fiye da 200. Da maharan su ka iso, ya tsaya a ƙofa, ya ƙi buɗewa, ya dinga roƙonsu har su ka juya. Cikin 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girmamawa. Abin lura a nan shi ne, mutanen da su ka ga mutuwa ido da ido ba su yi shawara da kowa ba, su ka nufi ƙofarsa. Da ba su san shi da kirki tun tuni ba, da ba can su ka nufa ba.

A Afirka ta Kudu ma an ga irin haka. Ran 10 ga Afrilu 1993 wani farar fata ya harbe Chris Hani, ɗaya daga cikin shugabannin baƙaƙe da matasa su ka fi ƙauna, a ƙofar gidansa. Ƙasar ta kusa kamawa da wuta. Maƙwabciyarsa, ita ma farar fata, ta rubuta lambar motar wanda ya yi kisan, ta sanar da 'yan sanda, a ka kama shi a ranar. Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a kurkuku kuma a lokacin bai riƙe da kowane muƙamin gwamnati ba, ya fito a talabijin ya tuna wa jama'a cewa in farar fata ne ya yi kisan, to, farar fata ce kuma ta sa ranta cikin haɗari don a kama shi. Ƙasar ta lafa, a ka yi zaɓe cikin Afrilu 1994. A Kaduna kuwa akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda su ka yaƙi juna a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Katab. Faston ya rasa hannunsa na dama, limamin ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Cikin 1995 su ka haɗu, a hankali su ka zubar da gaba, su ka kafa cibiyar sulhu tare, su ka shiga garuruwa irin su Yalwan Shandam suna sasanta mutane.

Tilas ne a faɗi wata gaskiya a nan, don kada wani ya fake da wannan magana. Akwai masu cewa wa'azin haƙuri wayon manya ne, a danne talaka sa'an nan a ce masa ya yi haƙuri. Suna da hujja. Sau nawa a ka kafa kwamitin bincike bayan tarzoma, ya zauna, ya miƙa rahoto, ba a sake jin ɗuriyarsa ba? Mutumin da a ka ƙone wa shago, ya ga wanda ya ƙone shi yana yawo a gari, da wane baki za a ce masa ya kwantar da hankalinsa? Ga kuma tsadar rayuwa, musamman tun da a ka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023, wadda ta sa mutum ya kan fito daga gida da zuciyarsa a wuya. Zaman lafiya ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya. In talaka zai riƙe fushinsa, to, wajibi ne hukuma ta riƙe adalci, ta hukunta mai laifi ko ɗan wane ne, ta biya waɗanda a ka yi wa ɓarna diyya. Amma kuma a tuna, natsuwa ba ta hana neman hakki. Mandela bai daina neman 'yancin mutanensa ba don ya hana su ramuwa. Mai natsuwa shi ne ya kan san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, shi kuwa mai fushi ya kan huce ne a kan wanda ya fi kusa da hannunsa, galibi wani talaka ɗan'uwansa.

Ƙasar nan ta taɓa cin ribar irin wannan hali daga shugabanninta. Cikin Janairu 1970, da yaƙin basasa ya ƙare bayan wata 30, Janar Yakubu Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda a ka cinye, kuma ba a kafa kotun ramuwar gayya ba. Cikin Oktoba 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakasi. Abin ya yi wa 'yan Nijeriya ciwo, amma ba a ɗauki bindiga ba, a ka miƙa yankin cikin Agusta 2008. Ran 31 ga Maris 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya buga wa Janar Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna tun ba a gama faɗin sakamakon zaɓe ba, mutanen da su ka riga su ka kwashe iyalansu su ka koma garuruwansu saboda tsoro su ka yi ajiyar zuciya.

Yaya a ke samun wannan hali? Ba a kasuwa a ke sayensa ba, kuma ba sai an je Turai an koyo ba. Likitoci sun ce in fushi ya taso, zuciya kan ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, tunani ya dushe, amma in mutum ya daure na ɗan lokaci bai yi magana ba, bai ɗaga hannu ba, jiki ya kan koma daidai. Malaman Musulunci sun daɗe suna horon mai fushi da ya yi shiru, in a tsaye ya ke ya zauna, ya nemi ruwa ya yi alwala. Kiristoci su ma ana koya musu kada su kwana da fushi. Doguwar gaisuwar nan ta Bahaushe, a tambayi gida da iyali da gajiya kafin a shiga magana, ba ɓata lokaci ba ce, gama da wuya mutum ya zagi wanda ya gama tambayar lafiyar 'ya'yansa. Haka nan wasan nan na taubasantaka tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa, dabara ce ta magabata don a mai da abin faɗa abin dariya. A Jamhuriyar Nijar sun riƙe wannan al'ada da kyau, har UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya cikin 2014.

Saboda haka akwai aiki a kan kowa. Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu su riƙa zama da sarakunan gari da shugabannin kasuwa a kai a kai tun ana lafiya, kada su jira sai an ga hayaƙi. Su kuma sanar da kowane sabon baƙo al'adun garin da ya sauka, da ranakun bukukuwan da a ke hana fita, gama baƙo ko da ido makaho ne. Haka nan shugabannin Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu da ke zaune a Sabon Garin Kano da Kaduna da Zariya. Kowace babbar kasuwa ta kafa kwamitin dattawa na ƙabilu daban-daban wanda zai isa wurin gardama kafin 'yan iska su isa. 'Yan sanda su daina jiran sai an fara ƙirga gawa.

Masu riƙe da wayar hannu su ji tsoron Allah. Hoton gawa ko muryar wani yana kururuwa da a ke turowa ta WhatsApp da Facebook, sau da yawa na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Wanda ya tura abin da bai tabbatar ba, ya sani yana da kamasho cikin jinin da za a zubar. A Ruwanda cikin 1994 gidan rediyo ne ya dinga zuga maƙwabci a kan maƙwabci, har a ka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100. Yau kowa da gidan rediyonsa a aljihu. Magana zarar bunu ce.

Limamai da fastoci su auna abin da su ke faɗa a kan mumbari. Iyaye su san cewa yaron da ya tashi yana jin ana kiran wata ƙabila da sunan banza a tsakar gida, shi ne gobe zai ɗauki galan ɗin fetur. Mai shago ya bar ɗan dako ya huta a inuwarsa, direba ya ba ɗan'uwansa hanya, maƙwabci ya leƙa maƙwabcinsa in ya kwana biyu bai gan shi ba, ko da ba sallarsu ɗaya ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma ranar da gari ya rikice su ne za su sa a buɗe wa mutum ƙofa ko a rufe.

Ba mai iya yi wa jama'a alkawarin cewa in an gaisa da fara'a a Shasha za a daina ruwan bama-bamai a wata nahiya. Amma shugabannin da ke sa hannu a yi yaƙi, da sojojin da ke harbi, da matasan da ke cinna wa kasuwa wuta, duk a cikin gidaje a ka haife su, a unguwanni su ka tashi, kuma halin da su ka gani shi su ka ɗauka. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah Ya zaunar da Nijeriya da duniya baki ɗaya lafiya, amin.